Gudun Azurfa Iri Biyu

Shekarar da na koma jami'a yin digiri na biyu a Fiziks, kusan kowa a ajinmu ya zaɓi aikin da kwamfuta za ta yi masa rabi. Ni ce mai taurin kan da ta ce sai ta taɓa abu da hannunta. Na daɗe ina koyar da 'yan sakandare a nan Keffi cewa ƙwayoyin iska ba sa zama wuri ɗaya, gudu suke yi, da yawansu ma sun fi sauti sauri. Yara suna rubutawa suna gyaɗa kai, ni ma ina gyaɗa nawa, alhali ban taɓa ganin an auna gudun ko guda ɗaya ba. Abin ya jima yana ci min tuwo a ƙwarya.

Malamin da aka ba ni ya duba aikina wani dattijon farfesa ne, mutumin tsaunukan Eggon, gajere, kansa fari fat. Hausarsa tana da nata karin, kuma idan ya yi fushi sai ta gauraye da Turanci. Ɗalibai suna tsoronsa, ni ma ban fi ƙarfin hakan ba. Da na faɗa masa abin da nake so, ya kalle ni ta saman tabarau har sai da na fara nadamar buɗe baki, sannan ya tashi ya kai ni wani ɗakin ajiya. Ya yaye wani tsohon tamfol, ƙura ta turnuƙe mu.

"Ga shi nan," in ji shi. "Tun kafin a haife ki aka ƙera shi. In kin tashe shi, kin ci digiri. In kin kasa, kada ki zo min da kuka."

Na'urar ba ta da wuyar fahimta, tashinta ne wuya. Gwangwani ne a cikin gwangwani, ƙarami a cikin babba, an haɗe su suna juyawa tare. A tsakiya akwai siririyar waya da aka shafe da azurfa. Idan aka sa mata wuta ta yi ja, sai azurfar ta zama tururi, ƙwayoyinta su yi ta tashi ta ko'ina. A jikin ƙaramin gwangwanin akwai tsaga siririya kamar yankan reza, ta nan kaɗai wasu ƙwayoyin ke samun hanyar fita, su miƙe sak har su manne a bangon babban gwangwanin, su bar wani ɗan layi mai duhu. Idan gwangwanayen suna tsaye, layin yana fitowa daidai saitin tsagar. Idan kuwa suna juyawa, kafin ƙwayar ta tsallaka, bangon ya ɗan gusa, sai layin ya fito a gefe. Wannan ɗan gushin nake aunawa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, bai kai kaurin farce ba. In ka san saurin juyin gwangwani, ka san nisan da layi ya gusa, to ka san gudun ƙwayar. Duk wannan kuma sai an kife shi da murfin gilashi an zuƙe iskar ciki tas, don kada ƙwayoyin azurfar su yi karo da na iska a hanya.

Zuƙe iskar nan ita ta kusa zuƙe min rai. Na yi watanni ina bin kafofin da iska ke satar shiga, in toshe nan ta ɓullo can. Kullum nakan dawo gida hijabina yana warin man famfon zuƙe iska, har ƙannena suka sa min suna bakaniken gida.

A lokacin ina gidan mahaifina a unguwar Liman Abaji. Baba tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya, kuma ba shi da abin alfaharin da ya wuce cewa ya gama aikinsa ba wanda ya taɓa nuna shi da yatsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Kowace yamma ina sauka daga acaba zan same shi a zaure da rediyonsa, sai ya rage murya ya ce, "Uwata, yau an kama su kuwa?"

"Sun tsere, Baba."

"To, ai kin ce sun fi jirgin sama gudu. Ke da ko akuya ba ki iya kamawa."

Ranar da layin farko ya fito, na ɗauki hotonsa a wayar hannu na kawo masa. Ya sa tabarau, ya juya wayar sama da ƙasa, ya ce shi bai ga komai ba sai datti, amma tunda na ce azurfa ce, to azurfa ce. Washegari duk majalisarsu ta ƙofar masallaci ta san 'yarsa ta auna gudun abin da ido ba ya gani.

Daga nan aiki ya miƙe, sai kuma ya karkace. Na yi gwaji na lissafa, amsa ta fito kusa da abin da littattafai suka ce, wajen rabin kilomita da ɗoriya a daƙiƙa ɗaya. Na yi murna. Na sake, ta sake fitowa haka. Sai wata rana ta fito sama da haka sosai. Na ce kuskuren ido ne, na sake aunawa, tana nan daram. Haka aka yi ta yi, yau azurfa ta yi tafiyarta ta mutunci, jibi ta zura da gudu kamar an biyo ta. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne amsoshin ba su warwatse ba, da sai in ce hannuna ne ke rawa. Gida biyu suka rabu tsaf, waɗannan a nan, waɗancan a can, tsakaninsu wayam.

Ba abin da ban zarga ba. Na zargi zafin wayar, na zauna na zuba wa mitar wuta ido kamar mai gadin tukunyar madara. Na zargi famfo, na zargi madubi, na zargi idona har na je aka gwada min shi. Wutar lantarki kam ban kawo ta a rai ba, domin na sayi sitabilaiza sabuwa fil na jona komai a jikinta, kuma a ƙasar nan duk wanda ya sayi sitabilaiza gani yake ya gama da matsalar wuta har abada.

Lokacin gabatar da aiki a gaban sashe ya zo ban gano komai ba. Na yi shawara da kaina, na ce gaskiya ɗaya ce, zan nuna duka. Na haska zanen a bango, ɗigo-ɗigo gida biyu. Ɗakin ya cika da malamai da ɗalibai, fanka tana ta kaɗa zafi. Farfesa ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya cire tabarau.

"Yarinya," ya ce, "abu ɗaya, zafi ɗaya, na'ura ɗaya, ba ya ba da amsa biyu. Faɗa mana. Wane ɓangare kika auna a ɗakin gwaji, wanne kika rubuta a kan gadonki?"

Aka yi dariya. Ba kowa ba, amma ta isa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na gane abin da yake nufi sarai: ɓangaren da ya dace da littafi ya yi kyau da yawa, wato na kwafo shi ne don in rufe ɓangaren da ya ƙi. Ya sha kama ɗalibai da irin wannan, kowa ya sani, kuma wanda ya kama ba ya sake ganin ƙofar sashen. Na buɗe baki in yi magana, sai ga hawayen da ya ce kada in zo masa da su. Wannan ya ƙara ba ni haushin kaina, domin kuka a irin wannan wuri kama yake da amsa laifi.

Keffi gari ne da ake ce masa babba, amma magana ba ta kwana a hanya. Wani ɗan ajinmu, kawunsa sahu ɗaya suke sallah da Baba. Ban san yadda aka kai masa ba, ban san me aka ƙara ba. Na dai san da na sauka daga acaba bayan kwana biyu, ya amsa sallamata, ya ce sannu da dawowa, bai rage muryar rediyo ba. Bai tambaye ni ko an kama su ba. Washegari ma haka. Bai yi min faɗa ba, bai canza fuska ba, abincinsa ma yana ci, amma tsokanar nan ta ɗauke ɗif. Ni kuma girman kai ya hana ni tayar da maganar, ina ganin in na fara kare kaina ba a tambaye ni ba, na zama mai laifi ke nan. Digirin ya fita daga raina a kwanakin nan. Abin da nake tsoro shi ne a ce 'yar mutumin nan maƙaryaciya ce, kuma ya zauna a ƙofar masallaci yana jin ana faɗa.

Na je ofishin Farfesa na tsaya a bakin ƙofa, raina a ɓace. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban ƙirƙiri ko lamba ɗaya ba. Ka zo ka zauna in yi a gabanka."

"In ya fito daidai da littafi fa?"

"Sai ka san na iya."

"In ya fito ɗaya ɓangaren?"

"Sai ka san shi ma ba ƙarya ba ne."

"Bakinki ya fi lissafinki kaifi," in ji shi. "Zan zo."

Ya zo da hantsi, ranar da hadari ya haɗu ta gabas. Ya jawo kujera ya zauna dab da na'urar, ya harɗe hannuwa a ƙirji. Tun da sassafe na kunna famfo, iska ta zuƙu yadda nake so. Na tashi injin da ke juya gwangwanayen, ya ɗauki kukansa siriri mai tsayi, wanda na saba da shi har na daina jinsa. Na fara ɗaga wutar wayar a hankali. Ba a jima ba iskar hadari ta taso, tagogi suka buga, aka ɗauke wuta.

Na yi maza na rufe bawul don kada iska ta koma, na ce, "Shi ke nan, ranka ya daɗe, sai gobe." Haka na saba. Duk ranar da aka ɗauke wuta ina tsakiyar gwaji, watsar da shi nake yi in tattara in tafi gida, don an riga an ɓata layin. Ranar da kuwa na zo na tarar babu wuta tun safe, janareton ginin yana aiki, sai in yi gwajina da shi daga farko har ƙarshe.

"Gobe ina da taro a Abuja," ya ce. "Ba ki fara ƙona azurfar sosai ba. Su tada janareto mu ci gaba."

Aka tada shi can bayan gini, ya yi tarinsa na tsufa ya kama. Fitilu suka dawo, fanka ta motsa. Na buɗe bawul, na sake tashin injin juyi. Ina miƙa hannu wajen wutar wayar sai na ga Farfesa ya ɗaga tafinsa sama, ya karkata kai gefe, ya yamutsa fuska kamar wanda ya tauna tsakuwa a shinkafa.

"Tsaya. Ya sauka."

"Me ya sauka, ranka ya daɗe?"

"Muryar. Ɗazu a nan take," ya yi wani ɗan sauti ta hanci, "yanzu ta dawo nan." Ya yi wani a ƙasa da na farko.

Sai daga baya na ji cewa shi ne shugaban mawaƙan cocinsu tun yana saurayi, kuma mawaƙan sun fi mu shan wuya a hannunsa. A lokacin dai tsayawa na yi ina kallon dattijon da nake tsoro yana rera kukan inji ta hanci. Na kasa kunne. Wallahi da gaske ne. Kukan ya yi kauri, ya yi ƙasa, ba irin na ɗazu ba. Ban taɓa jin muryoyin biyu a jere ba, kullum kwana ne ko fiye a tsakaninsu, ga kuma rugugin janareto yana rufe komai.

Nan take kaina ya buɗe gaba ɗaya. Na ce, "Juyin ne! Ba ya kai yadda nake lissafawa!"

"Ci gaba," ya ce, bai kalle ni ba.

Na ci gaba, magana tana tuntuɓe a bakina. A jikin injin akwai ɗan farantin ƙarfe da maƙera suka buga yawan juyin da yake yi a minti, kuma wannan lambar nake sawa a lissafina kullum. Amma irin wannan inji ba ƙarfin wuta yake bi ba, bugunta yake bi, wato sau nawa take kai da komowa a daƙiƙa. Wutar gari tana zuwa da bugun da aka ƙera shi dominsa, ko kusa da haka. Tsohon janareton nan kuwa yana ɗauke da ginin gaba ɗaya, da na'urorin sanyaya ofisoshi da firji da injin hoton takardu, nishi yake yi, bugunsa ya yi ƙasa. Sitabilaiza ƙarfi take gyarawa, ba ruwanta da bugu. Idan gwangwani ya rage juyi, layi ba zai gusa da nisa ba, ni kuma da na ga gushi kaɗan sai in ce ƙwayoyin ne suka ƙara sauri. Ashe azurfa ba ta taɓa canza tafiyarta ba.

"Zance ne," in ji Farfesa. "Auna min."

Na fita cikin yayyafi ba lema, na tsallaka har sashen injiniyoyi, na roƙo na'urar ƙirga juyi, irin wadda ake manna farin tef a jikin sandar inji a haska masa. Na dawo a jiƙe. Muka auna a kan janareto, lambar ta gaza ta jikin farantin nesa ba kusa ba. Sai muka zauna jiran a kawo wuta, ni da shi, ruwa yana sauka a kwano. Ban taɓa roƙon Allah a dawo da wuta da zuciya ɗaya irin ta ranar ba. Bayan azahar aka kawo. Muka sake aunawa, ta hau daidai kan ta farantin.

Ya miƙo min alli. Na yi lissafi, na raba lambar juyin wutar gari da ta janareto a gefe ɗaya na allo, na raba amsoshina masu sauri da marasa sauri a ɗaya gefen. Lambobin biyu suka fito kusan abu ɗaya.

Na jingina da bango, na sulale na zauna a kan siminti da jiƙaƙƙen hijabina. Wani sanyi ya ratsa ni tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Ban san nauyin da nake ɗauke da shi ba sai da aka sauke.

Farfesa ya daɗe a gaban allon. Can ya ce, "Me ya sa ba ki rubuta ranar janareto da ranar wuta ba?"

Ƙarfin hali ya dawo min. Na ce, "Ranka ya daɗe, wa yake rubuta an ɗauke wuta a ƙasar nan?"

Ya yi wata gajeriyar dariya, ita ce ta farko da na taɓa ji daga bakinsa. "Ni ma da ni ne, lambar farantin nan zan ɗauka," ya ce. "Inda na koyi aikin nan wuta ba ta tafiya ko'ina." Ya goge allin hannunsa a wando. "Za ki sake duka, kina auna juyi kowane gwaji. Kuma babin da ya fi kowane amfani a aikinki shi ne wannan kuskuren, ki rubuta shi dalla-dalla."

Na sake su kuwa, a makonnin da suka biyo, da wuta da janareto, duk suka taru gida ɗaya. Amma bai jira wannan ba. Da ya dawo daga Abuja ya sa aka tara mutanen da suka zauna a wancan zaman, a ɗakin nan dai mai fanka. Ya tsaya a gaba ba takarda a hannunsa.

"Na yi wa yarinyar nan ƙazafi a gabanku," ya ce. "A gabanku nake janye shi. Duk lambar da ta nuna muku ta auna ta. Da ta so ta ɓoye rabi ta ba mu rabi mai kyau, da mun tafa mata, ba wanda zai sani. Ba ta ɓoye ba. Wanda ya kai waccan magana gari, ya kai wannan ma."

Ɗan ajin nan namu ya sunkuyar da kai yana wasa da biro. Ban ji haushinsa ba, a ranar ko wanda ya taka ni a kasuwa sai in ce masa sannu.

Bayan la'asar na sauka a ƙofar gida. Baba yana zaure, rediyo yana ta labarai. Na yi sallama, na tuɓe takalmi, maimakon in wuce ciki sai na zauna a gefen tabarmarsa. Na ba shi labari tun daga hadarin har allon, har abin da Farfesa ya faɗa a gaban mutane. Na san bai gane zancen bugu da juyi ba, amma bai katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama sai ya miƙa hannu ya kashe rediyon gaba ɗaya. Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya shafa fuskarsa da tafuka biyu.

"Alhamdu lillahi," ya ce. Ya sake cewa, "Alhamdu lillahi."

Na ce, "Baba, ai da ka tambaye ni."

Ya girgiza kai, idonsa a kan tabarma. "Uwata, na san ba za ki yi ba. Na sani. Amma mutum mutum ne, kuma maganar ta yi yawa a kunnena. Sau da yawa kina shigowa ina buɗe baki zan ce, gaya min gaskiya. Sai in tuna in na tambaya, ko me kika amsa, kin riga kin ji ubanki ya tambaya." Ya nuna rediyon. "Shi ya sa nake barin rediyon nan yana ta surutu. Na gode wa Allah da ya riƙe min harshena."

Na zauna kusa da shi a zauren, ina kuka a hankali, har aka kira magariba.